Gashin baki na kwana 30 don ɗakin yara na asibiti: yadda za a tsara shi a Garwa da Marwa, da wuraren da yake ɓaci

A ƙasashen Turawa akwai wata hanyar tara kuɗin taimako da kan ba mutuminmu mamaki in ya fara jin ta. Maza su haɗu su aske fuska tas a rana ɗaya, sannan su bar gashin baki ya yi ta tsiro har wata guda, 'yan'uwa da abokan aiki suna ba da kuɗi saboda su, a ƙarshe a kai abin da aka tara inda aka yi alkawari. Wadda ta fi suna ita ce Movember, da ta faro a birnin Melbourne na Ostareliya a 2003 da maza 30. A shekarar farko ba su tara ko sisi ba. Sai a 2004 suka haɗa abin da neman taimako, mutum 450 suka tara dalar Ostareliya 54,000 don yaƙi da sankarar prostate, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Wadda ta shafi yara kai tsaye ta ma riga ta, wato Mustaches for Kids, da aka fara a Los Angeles ta Amurka a 1999, inda kowane gari yake zaɓar gidauniyar yaran da zai taimaka wa.

Matasanmu suna ganin hotunan a Facebook suna tambaya ko abin zai yiwu a Garwa, Marwa, Ngaundere, Kuseri ko Njamena. Zai yiwu. Sai dai wanda ya kwaso dokokin can ya dasa su a nan yadda suke, zai yi faɗa da limamin unguwa a makon farko, ya yi da hukuma a mako na biyu, ya ƙare da sayen injin da zai kwanta a kusurwar ɗaki bayan wata uku.

Gashin bakin kansa ba ya kawo ko dala. Aikinsa shi ne jawo tambaya. Mutumin da aka saba gani da fuska a aske, in ya buɗe shago ko ya shiga aji da ɗan tsiro a leɓe, dole wani ya ce, "Malam, wanzaminka ya yi tafiya ne?" To nan ƙofa ta buɗe, ya ciro kati ya ce ga abin da ake tara wa kuɗi, ga lambar da ake turawa. Roƙo yana da nauyi a bakin magidanci mai sana'a, amma in shi aka tambaya, amsa kawai yake bayarwa, kuma tambayar tana dawowa kullum har kwana 30. A nan gida wannan ƙarfin ya ɗan ragu, domin gashin baki ba baƙon abu ba ne a fuskar mazanmu. Don haka kowane mai shiga yana buƙatar ƙarin alama: ɗan bajo a aljihun riga mai ɗauke da lambar da aka ba shi a matsayin mai shiga da sunan asibitin, da hoton fuska sau ɗaya a mako a WhatsApp, da sanarwa a rediyon gari cikin Hausa, Fulatanci da Faransanci.

A fara daga ɗakin yara

Kafin a taɓa reza, mutum biyu ko uku su je asibitin da aka zaɓa. Su fara da darakta don girmamawa da neman amincewa a rubuce, su ga likitan yara, sannan su zauna da majo, shugaban ma'aikatan jinya na ɗakin, domin shi ya san abin da ke ƙarewa da ƙarfe biyun dare. Kada a tambaye su "me kuke buƙata", don amsar za ta zo da tsawon shafi uku. A tambaya: a daminar da ta wuce, waɗanne abubuwa uku ne rashinsu ya jinkirta ceton yaro? A karɓi amsar a takarda mai sa hannu, a nemo farashin kowanne daga 'yan kasuwa uku, sannan a yanke abin da za a iya saya. Wannan adadin shi ne abin da za a faɗa wa jama'a tun ranar farko. Mutum ya fi sakin hannu in an ce masa injin iska biyu da sola ake nema wa ɗakin yara na asibiti kaza, fiye da a ce masa a taimaki yara marasa lafiya.

Abin da ke cika ɗakunan yara a yankinmu sananne ne. Daga Yuli zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ne, da ƙarancin jini da suma da yake jawowa, ga kuma tamowa da ke ƙaruwa a daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Da hunturu da bazara kuma ciwon huhu, ƙyanda da sanƙarau. Masu sikila suna nan duk shekara, haka jariran da aka haifa ba su kai ba. Kusan duk waɗannan suna haɗuwa a wuri uku: iskar oksijin, jini, da wutar lantarkin da ba ta ɗaukewa.

A san kuma abin da bai kamata a kashe kuɗin jama'a a kansa ba. A Kamaru maganin zazzaɓin cizon sauro kyauta ne a hukumance ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, mara tsanani tun 2011, mai tsanani tun 2014. Tun 2016 ake raba wa yara maganin rigakafi na damina a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa, kuma a Janairun 2024 aka shigar da allurar rigakafin cutar cikin alluran yau da kullum. Madarar asibiti ta masu tamowa, F-75 da F-100, da tunkuzar gyaɗa mai gina jiki ta cikin leda, suna zuwa ta shirin gwamnati da UNICEF. Wadda ake gani a kasuwa an karkatar da ita ne daga bakin wani yaro, sayenta ƙara wa ɓarna ƙarfi ne. Madarar gwangwani ta jarirai ma ba abin kai wa asibiti kyauta ba ce, domin tana sa uwa ta bar shayarwa, kuma inda ruwa ba shi da tsabta ƙarshenta gudawa.

Maganar gemu

Nan ne abin ya fi buƙatar natsuwa. Dokar Movember ta ce a fara da fuska a aske, kuma ba a yarda da gemu ba, ba a yarda gashin baki ya haɗu da saje ba. Hadisin Ibn Umar da ke cikin Bukhari da Muslim kuwa umarni ya yi da a rage gashin baki a bar gemu. Wato dokar can ta yi hannun riga da abin da yawancin mutanenmu suka tashi a kai, kuma malaman Malikiyya ba su halatta aske gemu ba. Duk shirin da ya ce wa mai gemu ya aske don ya shiga, ya kori mutanen da suka fi kowa iya buɗe aljihun 'yan kasuwa, kuma ya jawo wa asibitin suka a huɗubar Juma'a. A ganinmu wannan dokar a yar da ita gaba ɗaya.

Sauran abin da sauƙi in an duba littafi. Hadisin Anas a Sahihu Muslim ya sa iyaka: kada a bar gashin baki da farce su wuce dare 40 ba a rage ba. Kwana 30 na cikin iyakar. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajirin yankin nan ya sani, ta bayyana cewa abin da ake ragewa shi ne gefen gashin da ya zagaye leɓe, ba a aske shi ƙurmus ba, kuma an san Imamu Malik ya ƙi aske shi tas. To sai a rubuta doka mai hawa biyu. Wanda dama yake aske fuskarsa ya fara a aske, kamar yadda ya saba. Mai gemu ba ya taɓa gemunsa, ya rage gashin baki da almakashi ko inji a ranar farko, ya bar shi ya cika. Kowa kuma, duk Juma'a, ya datse abin da ya sauko kan jan leɓe don kada ya shiga abinci da ruwan sha. A kai wannan takardar wa limami, da fasto ko fada in akwai Kirista a cikin tafiyar, tun kafin a buga ta. In wani malami ya ce shi bai gamsu ba, kada a yi jayayya da shi. A roƙe shi ya taimaka ta wata hanyar, misali ya yi kira a ba da jini.

Akwai abubuwa biyu na fiƙihu da masu shirya irin wannan kan manta. Na farko, in an karɓi kuɗin shiga sannan aka ba wanda ya ci gasa kyauta daga cikin kuɗin, an shiga caca. Kyauta, in za a yi, ta fito daga wani ɗan kasuwa da ba ya cikin masu gasar, ta zama ƙarama, kuma a ba wanda ya fi kawo kuɗi da cikakken rasit, ba wanda ya fi kaurin gashin baki ba. Kaurin gashi halitta ce, saurayi ɗan shekara 20 ba zai kamo ɗan 45 ba. Na biyu, zakka. Za a sami Alhajin da zai ce ga zakkarsa. A wurin mafi yawan malamai zakka ana mallaka ta ne ga mabuƙaci daga cikin jinsuna takwas da Alƙur'ani ya ambata, ba a sayen inji ko gyaran gini da ita. A buɗe mata shafi daban a littafi, a biya wa 'ya'yan talakawa magani da gwajin jini da ita, injin kuma a saye shi da sadaka.

Lokaci da takardu

Nuwamba ta dace da mu ko da ba don Turawa ba. Ruwa ya ɗauke, an girbe gero, masara da gyaɗa, kuɗin makaranta na Satumba ya wuce, hanyoyi sun bushe. Wanda yake son kuɗin manoman auduga ko na masu dawar rani da albasa na wajen Marwa zai iya matsar da watan zuwa Janairu ko Fabrairu. Abin lura shi ne a gama tarawa da rani, a gama saye da girkawa kafin Yuni, don kayan su tarar da damina suna aiki. A duba kalandar Musulunci kowace shekara: kada watan ya hau kan azumi, lokacin da hankali da aljihu suka tafi wani wuri, kuma kada ranar aski ta farko ko ta ƙarshe ta faɗa cikin goman farko na Zulhajji, domin mai niyyar layya ba ya taɓa gashinsa a kwanakin.

A Kamaru neman taimako daga jama'a yana da dokarsa, mai lamba 83/002 ta 21 ga Yulin 1983, kuma tana buƙatar izinin hukuma kafin a fara. Ba doka ce da ta mutu a takarda ba: a 2020 Ma'aikatar Mulkin Cikin Gida ta kafa hujja da ita ta dakatar da tara kuɗin korona da aka fara ba izini. Rajistar ƙungiya a ofishin perefe, ƙarƙashin dokar 19 ga Disambar 1990, abu ne daban da wannan izinin, samun ɗaya ba ya wadatar da ɗayan. Taron buɗewa da na rufewa ma sai an sanar da sufurefe a rubuce aƙalla kwana uku kafin ranar. A Arewa Mai Nisa, inda matsalar Boko Haram ta sa ana sa ido kan duk kuɗin da ke yawo, kada ma a yi tunanin farawa da baki kawai. A shigar da takardu wata biyu ko uku kafin lokaci, tare da wasiƙar daraktan asibiti, sunayen masu riƙe kuɗi da ranakun farawa da gamawa, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. A gaida lamido da sarkin Hausawa a sanar da su. Masu shiryawa a Njamena, ko don Asibitin Uwa da Yaro ne ko wani ƙarami na unguwa, su ma su fara da takardar amincewar asibitin da ta hukuma.

Ranar aski

A yi ta ranar Juma'a ko Asabar a wuri ɗaya, a ɗauki hoton kowa riƙe da lambarsa. Abu ɗaya ba a sassauta shi: kowane mutum da sabuwar rezarsa, a buɗe ta a gabansa, a jefa ta cikin gwangwani mai murfi bayan an gama. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a yankinmu, kuma ƙwayar cutar tana rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana 7. Ɗan goge aska da auduga ko wuce ta kan wutar ashana na daƙiƙa biyu ba abin dogaro ba ne. In da inji za a yi, kowa ya zo da nasa, ko a tanadi kawuna da yawa ana wankewa ana jiƙawa a maganin kashe ƙwayoyi tsakanin mutum da mutum. Zai zama abin kunya babba a tara kuɗin asibiti a raba wa mutane cuta a wajen taron.

Gashin fuska yana tsiro kimanin sulusin milimita zuwa rabi a rana, wato santimita ɗaya ko ɗan fiye a wata. Namu da yake murɗaɗɗe ne ya kan yi kamar bai kai haka ba. Makon farko ƙaiƙayi, na biyu shi ne lokacin da fuska ta fi muni kuma mutane suka fi janyewa, daga na uku abin ya fara kama siffa. Masu fama da ƙurajen aski, waɗanda gashi ke lanƙwasawa ya koma cikin fata, kada su aske a saɓa wa kwanciyar gashi, kada su ja fata, ko su yi amfani da inji kawai. A wanke da sabulu mara ƙarfi, a shafa ɗan man kaɗanya saboda bushewar hunturu, a taje da ƙaramin mataji. Masu kayan sarki da ma'aikatan da ke da dokar fuska a wurin aiki su nemi izinin shugabansu tukuna.

Mata ba a bar su a baya ba, kuma ba alfarma aka yi musu ba. Su ne ke kwana a ƙasan gadon yaro, su suka san abin da ake biya da abin da ake jira. A kwamiti a sa aƙalla mace ɗaya a cikin masu sa hannu a asusun kuɗi, kuma ƙungiyoyin adashi su ɗauki nauyin wani mai gashin baki da sunan ƙungiyarsu.

Riƙon kuɗi

Ga misalin lissafi. Maza 40, kowanne ya samo mutum 20, kowane mutum ya yi alkawarin sefa 100 a rana. A kwana 30 mutum ɗaya ya ba da 3,000, mai gashin baki ɗaya ya kawo 60,000, gaba ɗaya 2,400,000. Wannan lissafin takarda ne. Wasu za su janye, wasu alkawarin a baki zai tsaya, saboda haka shawararmu a ɗora sayayyar farko kan rabin adadin, a jera sauran kaya a matsayin na biyu da na uku in kuɗi ya kai. A riƙa karɓa duk mako. Alkawarin da aka bari sai ranar ƙarshe shi ne wanda ya fi ɓata, don ranar da aka aske gashin bakin, abin da ke tuna wa mutane ya tafi. A kati da rasit a rubuta adadi da lambobi a sefa, domin wanda ya ce "ɗari" da ƙirgen dala, sefa 500 yake nufi, haka mai ƙirgen riyal a Chadi.

Lambar karɓar kuɗi ta zama ɗaya tak a kowane kamfani, Orange Money da MTN Mobile Money a Kamaru, Airtel Money da Moov Money a Chadi, kuma da sunan ƙungiya. In aka yi amfani da layin wani mutum, kuɗin taimako ya gauraye da na cefanensa, ko da amintacce ne ba zai iya wanke kansa ba ranar da aka tambaya. Mai turawa ya rubuta lambar wanda yake goya wa baya. Duk mako a kwashe kuɗin zuwa asusun banki ko na ƙaramar cibiyar ajiya mai masu sa hannu uku, wanda ba ya fita sai da biyu. A lissafa kuɗin cirewa da harajin da Kamaru ta sa kan tura kuɗi tun 2022, don kada a ga giɓi a zargi wani. Masu ba da tsaba a hannu a ba su rasit daga littafi mai lamba mai kwafi uku: na mai bayarwa, na ma'aji, da wanda ya rage a littafin. Littafin da ya ɓata a sanar da lambobinsa a fili.

'Yan damfara suna da hanya biyu da suka saba. Su kwafi hoton sanarwa su canza lambar waya, ko su turo saƙon ƙarya cewa sun tura kuɗi bisa kuskure a mayar musu. Maganin na farko a riƙa maimaita lambar gaskiya a rediyo da bakin limamai, maganin na biyu kada ma'aji ya mayar da komai sai ya duba ainihin abin da ke cikin asusun. Kuɗin buga kati, bajo da hayar kujeru su fito daga kuɗin shiga na masu gashin baki, misali 2,000 kowanne, don a iya cewa duk dalar da jama'a suka bayar ta tafi ɗakin yara. Kowace Juma'a a fitar da jimilla, ko ta yi kaɗan.

Hoton yaro mara lafiya yana jawo kuɗi, shi ya sa ake sha'awarsa. Kada a yi. Uwar da ɗanta ke kan gado ba ta cikin halin da za ta ce a'a, kuma hoton zai yi ta yawo a waya bayan yaron ya girma. Hoton gadon da babu injin iska a gefensa ya isa.

Abin da za a saya, da dalilin da yake mutuwa

Ba a miƙa wa asibiti tsabar kuɗi. Wannan ba zargin kowa ba ne, kariya ce ga ma'aikatan kansu. A biya ɗan kasuwa kai tsaye, a kawo kaya, a gwada a gaban likita da mai gyaran injinan asibiti, a sa hannu a takardar miƙa kaya, a shigar da su rajistar kayan asibiti, a rubuta sunan ɗakin da fenti a jikinsu. Magani kuwa a saye shi ta hanyar hukuma, CENAME, cibiyar gwamnati mai sayo magunguna, da asusun lafiya na jiha a Kamaru, ba a kasuwa ba, kuma ya kasance saura aƙalla shekara ɗaya wa'adinsa ya ƙare.

Injin tace iskar oksijin shi ne aka fi saya, shi ne kuma aka fi gani a mace. Mai ba da lita 5 a minti yana cin wuta kimanin wat 350. Tunda jariri yana buƙatar rabin lita zuwa lita ɗaya a minti, ɗan ƙasa da shekara biyu kuma lita 1 zuwa 2, inji ɗaya zai iya ɗaukar yara biyu zuwa huɗu in an sayo masa na'urar raba iska da ƙananan bututun hanci na girman yara. Yawanci waɗannan ƙananan kayan ake mantawa, inji ya iso da bututun manya kawai. A tabbatar na wuta 220 ne. Wanda ɗan'uwa ya turo daga Amurka na 110 ne, zai ƙone ranar da aka jona shi. A duba takardarsa a ga iyakar zafin da yake jurewa, domin Garwa da Njamena suna wuce digiri 40 a Maris da Afrilu. Ƙurar hunturu tana toshe matacin waje, sai a wanke shi kowane mako a bar shi ya bushe sarai kafin a mayar, wanda ke nufin a sayi biyu ana musanyawa. In ƙura da laima suka kai ga sinadarin da ke ciki, injin zai ci gaba da ƙara yana hura iska, amma oksijin ɗin ya faɗi ƙasa da kashi 82 cikin ɗari, yaro yana shaƙar kusan iskar ɗaki kowa na zaton ana yi masa magani. Don haka a haɗa da ma'aunin tsabtar iskar, da 'yar na'urar da ake maƙala wa yaro a yatsa ko ƙafa, mai bakin da ya dace da jarirai, wadda in ta nuna ƙasa da 90 ake sa masa iska.

Sai wuta. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo, kuma in ruwa ya ja da rani ana ɗauke wuta. Hawa da saukar ƙarfinta kuma ya fi ɗaukewar kashe inji, don haka na'urar daidaita wuta dole ce. Inji mai wat 350 yana cin kilowat-awa 8.4 a yini da dare. Batirin gubar nan mai 12V 200Ah yana riƙe 2.4, amma rabi kawai ake ja in ana son ya daɗe, wato kimanin awa uku na aiki. Daren awa 12 yana son batir huɗu, kuma cika su tare da tafiyar da injin da rana yana son faifan sola da suka haura kilowat 2, kamar shida masu wat 400. Wanda ya sayi inji uku ya haɗa su da batir biyu ya yi asarar duka. Gara inji ɗaya da cikakkiyar wuta. A ware layin don injin kaɗai, in ba haka ba cajin waya da fanka za su shanye batirin kafin asuba. A kuma ajiye kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka tara don matatai, bututu da canjin batir, tunda zafi yana gajarta ransa.

In kuɗi bai kai inji ba, ƙananan abubuwa ma suna ceton rai: tsinken gwajin sukari da ya dace da na'urar da ke ɗakin, don sukarin yaro mai zazzaɓi mai tsanani ko tamowa kan faɗi ba zato, da kayan gwajin yawan jini, da abincin uwaye masu jinya. Jinyar tamowa tana ɗaukar kwanaki, uwar da ta zo daga ƙauye ba guzuri ta kan ɗauke ɗanta kafin ya warke. Buhunan gero, wake da mai, ta hannun ofishin jin daɗin jama'a na asibitin, suna tsayar da ita har a sallame su.

Ranar rufewa mutane kan so a yi gangamin ba da jini. Niyya ce mai kyau, amma jini a firji tsakanin digiri 2 zuwa 6 kwana 35 yake yi, don haka wanda aka ɗiba a Disamba ba zai ga Agusta ba, lokacin da yara ke zuwa gwajin yawan jininsu yana nuna ƙasa da giram 4 ana neman wanda zai bayar cikin dare. Abin da ya fi amfani shi ne a ranar a gwada rukunin jinin duk wanda ya yarda, mai shekara 18 zuwa sama da nauyin kilo 50 aƙalla, a rubuta sunansa da lambarsa, a miƙa rajistar ga ɗakin ajiyar jini. Namiji yana iya bayarwa duk wata uku, leda ɗaya ta mililita 450 kuma ta wadatar da yaro mai kilo 10 har da saura, tunda mililita 20 ake ƙara masa a kowane kilo. A raba masu rajistar gida huɗu, Yuli, Agusta, Satumba da Oktoba, kowane gida da mutum ɗaya da asibitin zai kira.

Bayan an miƙa kaya, mutum biyu daga kwamiti su koma a wata na uku da na shida. Su karanta awannin da injin ya yi a ma'aunin jikinsa, su sa mai gyara ya auna tsabtar iskar a gabansu, su duba ko yana ɗakin da aka rubuta masa, su ƙirga matatai da bututun da suka rage. Abin da suka gani, tare da hoton rasit ɗin sayayya da ragowar kuɗin asusu, a tura shi ga duk wanda lambarsa ta shigo cikin masu bayarwa, a kuma liƙa kwafi a ƙofar ɗakin yara.